Gyaran Fuska Cikin Kwana Goma Sha Huɗu da Mayukan Matarka

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari cikin kwana goma sha huɗu duk wanda ya gan ka sai ya sake waiwayowa. Ban ce zai yaba ba, amma waiwayen kam babu shakka a cikinsa. Kada ka tambaye ni takardar shaida. Shekara ashirin da biyu ina wankin mota, kuma duk wanda ya iya fito da ƙyallin jikin mota ya san fata, tunda ita ma rufi ce aka yi wa abin da ke ciki.

An gwada tsarin a kan mutum mai rai, kuma har yau yana nan da ransa. Maƙwabcina ne a wurin aiki, bango ɗaya ya raba rumfata da garejinsa. Fentin mota yake yi, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Fenti. Ya ba hamsin baya, ga shi da kunya, yana iya haɗa launin mota da ido ɗaya a rufe, amma ba ya iya kallon kyamara da ido biyu a buɗe. Da labarinsa za mu yi karatun.

1. Ka samo abin da zai tsorata ka

Babu namijin da ke wayar gari haka kawai ya ce yau zai fara kula da fata. Sai an tsorata shi. Saboda haka ka nemi abin tsoro mai ranar zuwa, wanda ba a ɗagawa.

Mai Fenti yana durƙushe gaban ƙofar wata mota yana gurza sai wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce ta fari, wadda ake kira Likita tun tana ƙarama saboda yawan ɗaure wa kajin gida ƙafa da tsumma. Ta gama karatun aikin jinya, saura mako biyu a yaye su, har ta sami aiki a wani asibiti mai nisa, tafiyar yini biyu a mota. Ya yi murna har ya rasa inda zai ajiye sanfefar da ke hannunsa. Sai ta kawo maganar hoto.

"Baba, na duba ko'ina, ba ni da hoto ko ɗaya da kai. Wannan karon babu gudu. Namu nake so, ni da kai, in ɗora a teburina a can."

Ya ce to, don ya san gaskiya ta faɗa. Tun da aka haife ta yake zille wa hoto. Yau shi ne mai riƙe wa mutane jaka, gobe shi ne mai ɗaukar hoton, jibi ya tuna ya bar injin iska a kunne a gareji. Ba hoton ne ya tsaya masa a rai ba, teburin ne. Ya riƙa hango likitoci masu santsin kumatu suna wucewa suna tambaya wane ne wannan, ita kuma dole ta amsa. Yana so ya tsaya kusa da 'yarsa, yana kuma tsoron fuskarsa ta ba ta kunya, kuma duka biyun sun kama shi da ƙarfi ɗaya.

2. Ka duba ɓarnar kafin ka taɓa aiki

Kada ka yi amfani da madubin gida. Ya saba da kai, zai rufa maka asiri. Ka nemi madubin gefen mota, da rana tsaka, shi ba ruwansa da kowa.

Haka Mai Fenti ya yi. Ya tsuguna gefen wata tsohuwar motar haya, ya juya madubin, ya duba kansa yadda yake duba motar da aka jawo daga hatsari. Ya ga ɗigon fenti kala huɗu sun yi gida a cikin layukan goshinsa. Ya ga shatin takunkumin feshi ya zagaye masa hanci da baki, wurin ya fi sauran fuskar haske. Ya ga ramukan ƙurajen samartaka suna nan inda ya bar su. Fatar kuwa ta bushe ƙamas, saboda shekara da shekaru da tina yake goge ta, ruwan nan mai warin gaske da ake narka fenti da shi.

Ya zagayo rumfata ya tsaya kamar mai neman wani abu da ya faɗi a ƙasa. Da ya ga ba kowa, ya rage murya ya ce tunda ni ne nake mu'amala da sabulu kullum, ko na san yadda ake yi. Na ce masa ai shi ne gwani bai sani ba. Me yake yi wa mota? Ya wanke, ya gurje, ya rufe inda ba a so fenti ya taɓa, ya yi shafi, ya shanya. To fuska da me ta fi mota? Idanunsa suka kawo haske nan take, ni kuma na ji kaina ya ƙara girma.

3. Kada ka sayi komai, kayan suna gidanka

Za ka ji sha'awar shiga shagon kayan shafa. Kada ka shiga. Mai Fenti ya shiga. Mai shagon, wata mata mai fara'a, ta tambaye shi irin fatar Madam, mai maiƙo ce ko busasshiya. Ya kasa cewa Madam ɗin ce tsaye gabanta da gashin baki. Ya nuna abin yankan farce ya karɓa, ya fito yana gumi, alhali yana da guda biyu a gida.

Ashe duk abin da yake nema yana kan teburin madubin matarsa. Maman Likita malamar makaranta ce, ƙarfe bakwai take fita, shi kuwa sai takwas da rabi yake buɗe gareji. Kenan yana da awa ɗaya da rabi shi da kwalabe goma sha ɗaya.

A nan ne za ka ga aikin ƙwararre. A gareji, kafin ya kwance komai daga jikin mota sai ya yi wa wurin alama don ya mayar daidai. Saboda haka ya ɗauko alli daga jakar aikinta ta biyu, ya zagaye gindin kowace kwalba a kan teburin kafin ya ɗaga ta. Da ya gama ya mayar da kowacce cikin da'irarta, babu kuskuren ko tsawon farce. Ya tsaya ya yaba wa kansa. Bai goge allin ba, tunda gobe ma zai buƙace shi.

Rubutun jikin kwalaben ƙanana ne, wasu ma da harshen da bai sani ba, don haka ya jera su yadda yake jera kayan fenti: mai ruwa-ruwa a farko, mai kauri a ƙarshe. Daga baya muka ji wai masana ma haka suke cewa a yi. Sai dai masanan ba su ce a haɗa da man kitso da man faso ba.

4. Ka wanke safe da yamma

Wannan matakin ba shi da wahala, shi ya sa ban yarda da shi sosai ba. Ka ajiye garin sabulun wanki, ka ajiye tina. Akwai wata 'yar kwalba mai ƙamshin lemo, ita ce ta wanke fuska. An ce ɗigo biyu ya isa. Mai Fenti ya ga ɗigo biyu raini ne ga fuskar da ta yi shekara talatin a gareji, ya cika tafin hannu. Kwana uku ya yi yana shiga gareji da ƙamshin lemo, masu kawo mota suna waige-waige suna neman matar da ta shigo.

5. Ka gurje sai ka ji a jikinka

Ka riƙe wannan ilimin: abin da bai yi zafi ba bai yi aiki ba. Kowane mai fenti ya san sabon shafi ba ya zama a kan tsohon da bai sha gurza ba.

Na hana shi amfani da sanfefa, kuma ina so a rubuta mini wannan a cikin ayyukan alherina. Sai ya shiga banɗaki ya samo dutsen nan da Maman Likita ke goge kaushin ƙafa da shi. Ya auna shi a tafin hannu ya ce laushinsa ya yi daidai da sanfefar gamawa. Ya bi goshi, ya bi kumatu, yana zagayawa a hankali yadda yake bin ƙofar mota, yana shafawa da yatsa ko akwai sauran tudu. Da ya zo aiki ranar fuskarsa tana sheƙi tana huci. Ya ce iska ma in ta taɓa shi yana jin ta har cikin kunne. Na ce masa alamar nasara ce, fatar ta farka.

6. Ka rufe inda ba ka so mai ya taɓa

Ka taɓa ganin mai fentin kirki ya yi feshi bai rufe gilashi da fitila ba? To Mai Fenti ma bai ga dalilin da zai sa mai ya shiga masa gira da gashin baki ba. Rana ta shida ya taho gida da salatif ɗin gareji, mai ƙarfin nan da ke riƙe takarda a jikin mota ko ana iska. Ya yanka uku, biyu a gira, ɗaya a gashin baki. Ya danna gefunan da babban yatsa don kada mai ya kurɗa ta ƙasa. Aiki ya yi kyau, layi ya fita tsaf.

A gareji, ƙa'ida ita ce a fizge salatif da sauri don kada ya ja fenti. Ya kama na girar hagu ya fizge.

Ya daɗe yana kallon salatif ɗin a hannunsa. Girar tana jiki, gashi a jere, ba abin da ya same ta sai canjin wuri. Sauran biyun da ruwan ɗumi da addu'a ya cire su.

Idan haka ta same ka kada ka firgita, domin a kan teburin nan akwai jagira. Shi kuwa Mai Fenti zane ai gidansa ne. Ya ɗauko rula, ya auna ta dama, ya zana ta hagu. Ta yi kyau ƙwarai, har ta fi ta Allah-ya-ba-shi tsari, sai ta daman ta koma kamar ita ce bare. Ya ƙara wa ta dama. Ta fi ta hagu kauri. Ya ƙara wa ta hagu. Da ya iso gareji, wani direba da ya kawo mota yana cikin bayanin inda aka goge shi sai ya tsaya ya ce, "Oga, abin bai kai na mamaki haka ba." Mai Fenti bai yi mamakin komai ba, girar ce ta hau sama.

7. Shafi uku, sannan shanya

Shafi ɗaya aikin ha'inci ne, kowa ya sani. Ka shafa, ka bari ya sha iska, ka sake, ka sake. Mai Fenti da yatsa uku yake kwasar man, yadda yake kwasar giris, ya bi sauran kwalaben goma sau uku. In ka iya lissafi ka san yawan abin da ke kan fuskar nan kafin ƙarfe takwas.

Saura shanya. Mota in an gama mata feshi rana ake kai ta. Saboda haka kullum da hantsi sai ya fito bakin gareji ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ɗaga fuska sama, ya rufe ido, minti ashirin. Ƙurar titi ta samu wurin zama, ƙudaje suka samu wurin hira. A cikin kwalaben akwai man kare fata daga rana, amma da yake mai ruwa-ruwa ne yana can ƙasa, shafi kusan talatin sun danne shi.

Ina wanki ina leƙensa ta kan bango, yana murmushi shi kaɗai. Ya gaya mini in ya rufe ido teburin nan yake gani, da hoton a kai, da wata likita tana cewa ashe babanki yaro ne. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba.

8. Idan aka kama ka, kada ka yi musu

Safiyar rana ta goma sha ɗaya ya tashi fuskar ta kumbura, ta yi jajur a kumatu, goshi yana saɓa, ido ɗaya ya ƙanƙance. Ya ja bargo ya rufe kai ya ce zazzaɓi ne. Maman Likita ta gama shirin makaranta, ta ajiye jaka, ta zauna bakin gado, ta janye bargon a hankali.

Ta yi iya ƙoƙarinta, a ba ta wannan. Ta cije leɓe, ta kalli rufin ɗaki, ta kalli ƙasa. Da idonta ya sake sauka a kan girar da ta kwana ta goge rabi a jikin matashi, sai dariyar ta ƙwace mata har ta zame daga bakin gadon.

Da ta samu numfashi ta gaya masa tun rana ta biyu ta sani. Wace mace ce za ta dawo ta tarar an zana wa kwalabenta da'ira goma sha ɗaya da allinta, ga shatin yatsu uku a cikin kowane mai, ta ce aljanu ne? Ta yi shiru ne don abin ya ba ta sha'awa, shekara ashirin da biyar tana roƙonsa ya shafa ko man hannu ne yana ƙi. Girar ma ta gani, ta ɗauka wanzami ne ya yi masa aika-aika yake jin kunyar faɗa. Dutse da salatif da zaman rana ne ba ta sani ba, da ta ji su kuwa dariyar ta tsaya.

"Ba zan je ba," in ji shi. "Ki ce mata aiki ya riƙe ni."

"Baban Likita, ni na gama yi maka wannan ƙaryar. In ba za ka je ba, ga waya, ka gaya mata da bakinka."

Ya kalli wayar, bai taɓa ta ba. Ita kuwa ta kwashe kwalabe tara ta kulle a akwati, ta bar masa biyu. Ta ce ruwa mai sanyi, ɗigo biyu na mai ƙamshin lemo, mai guda ɗaya gwargwadon kan yatsa, hula mai baki in zai fita, sannan ya cire hannunsa daga fuskar nan ya bar ta ta huta. Da ya kawo mini labari na ce wannan ai ba tsari ba ne, mataki biyar ne kacal. Abin haushin shi ne cikin kwana uku kumburin ya sauka. Gira dai ba ta tsira a kwana uku.

9. Ka je, ko da gira ɗaya

Ranar yaye ɗalibai ya sa rigarsa mafi kyau, ya zana girar, ya jawo hula har kan hanci. Filin makarantar ya cika da iyaye da kujerun roba da masu hoto. Tsohon hali ya motsa: kafin a ankara ya tattara jakar matarsa da ta wata mata da bai ma sani ba, ya koma bayan wata bishiya ya tsaya.

Can Likita ta same shi, cikin doguwar rigar kammala karatu, mai hoto yana biye da ita. Ta karɓi jakunkunan ta miƙa wa uwarta. Ta ɗaga hular. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar hagu da dama, da idon wadda aka koya wa duba ciwo, ta tambaya me ya gurje shi, me ya ƙone shi, ina kuma girarsa. Maman Likita ta ba da rahoto cikin jimla huɗu, har da rula. Likita ta toshe baki da hannun riga, kafaɗunta suna rawa. Shi dai yana kallon takalminsa.

Da ta lafa sai ta tambaye shi dalili. Ya so ya ce ba komai, amma abin ya fito da kansa. Ya ce teburin ne. Ya ce ba ya so mutanen wurin aikinta su ga hoton su tambaya, ita kuma ta ji nauyin amsawa.

Dariyar ta bar fuskarta. Ta ciro hankici ta goge girar da ya zana, a hankali, don wurin bai gama warkewa ba.

"Baba, ba don su nake son hoton ba. Inda za ni ban san kowa ba. In na gaji, fuskar da na sani nake so in ɗaga kai in gani."

Ta saƙala hannunta a nasa ta juya shi wajen mai hoto. Mai hoto ya ce a yi murmushi, ya leƙa, ya ɗago kai ya sake duban Mai Fenti, ya ga babu mai niyyar yi masa bayani, ya danna. Mutumin da ya yi shekara ashirin da uku yana gudun kyamara, shi ne ya ce a ƙara ɗaya ko da wannan bai fita ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu wankin mota ya iya, kuma bai taɓa cewa ya iya wani abu ba in ban da a sakin layi na farko. Ba ya ɗaukar alhakin gira, gashin baki, kumburi, ƙuna, ko abin da matarka za ta yi maka in ta ga alli a teburinta. Wanda fatarsa ta dame shi ya je wurin masu ilimin abin, ko ya tambayi matarsa tun ranar farko. Kada kowa ya zo rumfata da fuskarsa, sai dai da motarsa.

Haka nan babu hannuna a abin da ya faru mako uku bayan tafiyar Likita, ranar da ta turo wa babanta hoton teburinta a waya, ga takardu, ga abin awon zafi, ga shi nan a tsakiya da gira ɗaya yana dariya. Mai Fenti ya shiga motar wani da aka kawo feshi, ya ɗaga gilasai duka huɗu, ya yi kusan rabin awa a ciki. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce warin tina ne. Ranar ko gwangwanin bai buɗe ba.